Kindirmo a Cikin Ƙullu

Yanzu idan gari ya waye a unguwarmu ta Gwallaga, ƙarar babur ce ke tashina, sai injin markaɗen maƙwabta da ba ya gajiya. A da abin da kunne ke fara ji bayan an idar da sallar asuba shi ne dutsen niƙa, wannan gida ya yi gurr, wancan ya amsa, sannan tarin mata a cikin hayaƙin ɗanyen itace, sannan wannan cuuu ɗin da ƙullu ke yi idan ya faɗa cikin man gyaɗa mai zafi. Ni a lokacin ko idona a rufe yake ina iya faɗin tandar wacce ke kan wuta. Duk matan nan sun tafi, Allah Ya jiƙansu, sun bar ni ni kaɗai ina ta surutu kamar tsohuwar rediyo.

Abin da ya tayar mini da wannan zance jikata ce, mai sayar da masa a Yelwa kusa da jami'a. Ta zo mini kwanan baya fuska a murtuke, wai wata ta buɗe shago a gefenta, ta aika an sayo masarta, ta ɗanɗana, ta kwaikwaya. Wai ita ta gaji, rufewa za ta yi ta nemi aikin ofis. Na dube ta sama da ƙasa. Tanda ta ƙarfe, wuta ta gas, yis a ɗan ƙunshi, ciniki a waya tana kwance a kan katifa, amma wai ta gaji! Na ce, ja'ira, zauna nan ki ji yadda aka yi tsohuwar nan ta zama mai masa.

Ni ba 'yar birni ba ce. A ruga aka haife ni, can bayan duwatsu, kuma tallar nono ce ta fara shigo da ni cikin ganuwa. A nan wani maɗinki ya gan ni, ya yi ta sayen nonon da ba ya sha har aka ɗaura mana aure. Mutumin kirki ne, ba mai hayaniya ba. Ba mu daɗe ba, ina cikin yaye 'yarmu Hadiza, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Gidan ya rage daga ni sai yarinya sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tsohuwa mai rawar hannu da kaifin harshe. Da na fita takaba sai ga Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Bai shiga cikin gida ba, a zaure ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ya ce in haɗa kayana mu koma. A wurinmu abin kunya ne mace ta zauna surukai suna ciyar da ita bayan mijinta ya rasu. To amma yayan mijina ya riga ya faɗa, kuma bai ɓoye ba: ni in tafi inda nake so, Hadiza kuwa 'yarsu ce, ba za ta bi shanu daji ba. Wato in na bi Baffa, na bar 'yata ke nan.

Inna ce ta leƙo zauren ta ce, “Malam, ka bar mini ita zuwa kaka. Ba ni zan ciyar da ita ba, ni ma ba ni da shi. Ita za ta ciyar da ni.”

Baffa ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Can ya ce, “Kafin mu tashi da shanu zan dawo. In na tarar tana cin abin hannun mutane, ba sai na sake magana ba.” Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Da yammacin ranar Inna ta jawo tandarta daga ƙarƙashin gado. Ta yumɓu ce, baƙa wuluk, tana ƙyalli saboda man da ta sha tun kafin a haifi mijina. Rawar hannu ce ta sa ta ajiye ta. Ta koya mini jiƙa shinkafa, da niƙa ta a dutse har gwiwa ta yi kanta, da dafa wata a zuba a ciki, da rufe ƙullu a bar shi ya tashi, da ɗiga ruwan kanwa a kashe tsami. Amma abin da ya fi zama a kaina ba wannan ba ne. Tukunya biyu ta ajiye a ɗaki, ta ce wannan shinkafar sana'a ce, wannan ta cikinmu ce, ko yunwa za ta kashe mu kada hannuna ya yi kuskuren tukunya. Ta ce in hura wuta a lokaci guda kullum, ko da mai saye ko babu, domin mutum in ya zo sau ɗaya ya tarar da murhu a sanyaye, gobe wata hanyar zai bi. Ta kuma ce in riƙa ɗaga kai ina gaida mutane, don na zo da wannan kunyar tamu ta sunkuyar da kai. “Ke da za ki sayar da abinci kina kallon ƙasa, ƙasa ce za ta saya?” Haka take yi mini, ni kuwa in shiga ɗaki in share hawaye in fito.

Farkon abin ba daɗi. Masata ta fito da tauri, wata ta ƙone a baki cikinta ɗanye. Ga kuma Asabe a bakin lungu, wadda ta fi shekara goma tana suya a ƙarƙashin wata cediya, duk masu wucewa nata ne. Mace ce ƙatuwa mai murya, in ta yi dariya har kaji sai sun watse. Kullum in na fito da tanda sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: “'Yar Fillo, an fito? Masa fa ba saniya ba ce da za ki tsuguna ki tatsa!” Mutane su yi dariya. Wallahi na tsane ta a lokacin, tsana mai tsanani.

Ana nan cikin damina aka yi wani ruwa mai sanyi, ƙulluna ya ƙi tashi, ya kwanta a ƙwarya kamar kunu. Na rasa yadda zan yi. Sai na tuna a ruga in muna so madara ta kama, tsohon kindirmo muke ɗiga mata. Akwai ragowar wanda na saya wa Hadiza, na juye shi a ciki na rufe, na ce in ya lalace dama lalatacce ne. Kafin hantsi ƙullun nan ya kumbura har yana taɓa faifai. Da na soya, masa ta fito fara, mai laushi, cikinta duk ƙofofi, ga wani ɗan ƙamshi da ban taɓa ji a ta kowa ba. Inna ta gutsura, ta tauna, ta dube ni ta ce, “Me kika yi?” Na faɗa mata. Ta ce, “To rufe bakinki.”

A shekarun nan ana aikin hanyar jirgin ƙasa, leburori sun cika gari, daga ƙauyuka iri-iri, kowa da irin Hausarsa. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai tsage a kumatu, shi ya fara tsayawa wurina. Ya ci, ya lashe yatsa, ya ce, “Mata, masa naka yana da daɗi. Gobe ni zai zo da mutane.” Ai kuwa ya zo da su. Daga nan na fara ganin tukunyar sana'a tana cika, ta ciki ma ba ta ƙarewa. Kindirmon kuwa a ƙuryar ɗaki nake zuba shi, ƙofa a rufe, kamar mai aikata abin kunya. Shi ne kaɗai abin da nake da shi wanda Asabe ba ta da shi, kuma a ganina shi ne ke tsakanina da rabuwa da 'yata.

Sai aka shiga maganar mulkin kai. Mu mata ba mu gane kanta sosai ba, mun dai ji an ce Bature zai tattara ya tafi, 'yan makaranta kuma kullum suna fareti da 'yan tutoci kore da fari, suna waƙa har muryarsu ta dushe. Akwai wani attajiri a unguwarmu mai fataucin goro, ya ce ranar bikin mulkin kan zai sauki baƙi daga garuruwa, abokan cinikinsa da 'yan uwa. Matarsa ta aiko aka kira ni. Ta ce maigidan ya ci masata wurin wani, ita yake so a ba baƙinsa, tun safe har azahar kada akushi ya zauna ba komai. Ta ce, “Za ki iya?” Bakina ya ce zan iya tun kafin kaina ya yi lissafi. A hanyar komawa gida ne na tuna tanda ɗaya gare ni da hannu biyu.

Na tafi Ƙofar Dumi wurin masu ginin tukwane na sayo sabuwar tanda, ja jawur, kyakkyawa. Na ɗora ta, na zuba mai, na zuba ƙullu. Wayyo! Ta shanye man tas, ta riƙe masar gam, sai da na kankare ta da wuƙa. Na sake, haka. Inna tana zaune tana kallona, sai da na gaji ta ce sabuwar tanda sai an yi ta shafa mata mai ana gasawa, yau da gobe, kafin ta yarda ta saki masa, kuma bikin nan ba zai jira ta ba. Na ce to bari in ari ta wani. Ta yi dariya har da tari. A unguwar nan mace tana iya ara miki zanenta na fita, ta ara miki turmi, amma ban da tanda. Sun ce in tanda ta kwana a wani gida, cinikin mai ita ya bi ta.

“To ya zan yi, Inna? In je in ce na fasa?”

“In kin fasa, gobe duk garin nan an ji 'Yar Fillo ta karɓi abin da ya fi ƙarfinta. Ba a ara miki tanda, gaskiya ne. Amma wa ya ce ba a gayyato ta da mai ita?”

Na gane inda ta dosa, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan je wurin Asabe ba. Ba zaginta kaɗai nake gudu ba. Masata aka ce ana so, ke nan ƙulluna za a soya, kuma ƙullu mai yawan nan ba zan iya niƙa shi in haɗa ni kaɗai a ƙuryar ɗaki ba. Duk wadda ta taya ni sai ta ga abin da nake zubawa. Na ce, “Inna, ke fa kika ce in rufe bakina.” Ta ce, “Na faɗa, lokacin da rufewar ke da amfani. Yanzu buɗewa ce ke da shi. Ke dai zaɓi: ki riƙe sirrinki ki kunyata, ko ki sake shi ki fita kunya.”

Da la'asar na ɗauki Hadiza na goya, don in ji nauyinta a bayana in samu ƙarfin tafiya, na nufi gindin cediya. Asabe tana wanke ƙore. Ta ce, “A'a! Yau Fulani sun yi ɓatan hanya?” Na durƙusa na gaishe ta da Yaya, na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce aiki ya fi ƙarfina, ina so ta zo da tandarta, ta kuma kira mini wasu mata biyu da ta yarda da hannunsu, abin da aka samu mu raba daidai. Ta daina wankin. Ina jiran dariyar nan tata, ba ta zo ba. Sai ta ce, “Ƙullun wa za a soya?” Na ce nawa. Ta ce, “A gabana za ki haɗa?” Na ce a gabanki. Ta goge hannu a zane ta ce, “Ke yarinyar nan ko dai wawuya ce ke, ko kuma kin fi mu duka wayo. Tashi, ƙasa da sanyi.”

Ana gobe biki muka taru a tsakar gidanmu, dutse huɗu yana tafiya lokaci guda, Inna na ba da umarni daga kan tabarma. Da aka gama niƙa na shiga ɗaki na fito da ƙwaryar kindirmo. Na tuttula shi cikin ƙullun a gabansu. Asabe ta dafe ƙirji. “Nono? Nono ne kawai? Tabɗijam! Ni ina can ina ƙara kanwa, ina rage kanwa, har wurin malami na je na ce 'Yar Fillo ta yi mini asiri ta janye mini leburori!” Matan suka fashe da dariya har ɗaya ta faɗi a kan buhu. Ni ma na yi dariyar, amma na san daga yau ba ni da abin ɓoyo.

Da safe muka jera tanda a ƙofar gida. Gari ya cika da kiɗa, yara na gudu da tutoci, 'yan aiken attajiri na ta kai da kawo da akussa. Ina cikin juya masa na hango leburorina sun zo sun tsaya daga nesa, sun ga abin ya zama na manya, suna shirin juyawa. Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce tandata ni ta mutanen kullum ce, sai sun ƙoshi tukuna a sa wa baƙi daga cikinta, domin baƙi jibi ba sa nan, waɗannan kuwa suna nan. Na yafito su, suka zauna suka ci kamar kullum. A ranar ce kuma Asabe ta leƙo murhuna ta ce, “Ke, wannan wutar ta dafa ƙafar sa ce? Ja itacen baya, bar garwashi ya yi aikin.” Ta nuna mini yadda ake raba wuta yadda gurbin tsakiya ba zai riga na gefe ba, abin da ya sa itacen da nake ƙonawa a kwana ɗaya ya koma yi mini kwana biyu. Har azahar akushi bai zauna ba komai ba, muka tashi da idanu jawur da hayaƙi, muna tsokanar juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Washegari kuwa abin da nake tsoro ya faru. Mai tallar nono ta tsaya a gindin cediya kafin ta iso wurina. Masar Asabe ta koma irin tawa sak, ta sauran matan ma haka, kuma Asabe ce a bakin hanya. Wasu daga cikin masu sayena suka tsaya can. Na dawo da ragowar ƙullu gida, ga kaka ta kama, ana ta yankan gero, na san Baffa yana hanya. Na zauna na tasa Hadiza a gaba ina kallonta tana wasa da ludayi, na yi kuka mai isata. Ban fasa hura wuta a kan lokaci ba dai, don Inna ba za ta bari ba.

Abin da ban sani ba, baƙin nan da suka ci sun tafi da labari. Ba sunana suka riƙe ba, sunan unguwa suka riƙe. Sai ga mutane daga wasu unguwanni da kwanoninsu, ga direbobin manyan motoci, ga masinjojin ofis a kan keke, kowa na tambayar ina ne ake masar nan ta Gwallaga mai laushi. Suka fi ƙarfin tanda ɗaya, suka fi ƙarfin biyu. Ina zaune sai in ji muryar Asabe tun daga bakin lungu: “Nawa ya ƙare, ku ƙarasa ciki wurin 'Yar Fillo, ita ce uwar abin!” Ni ma in nawa ya ƙare in tura mata. Shi ya sa nake ce wa masu ƙananan sana'o'i na yanzu, masu kuka don an kwaikwaye su, abin da ake iya ɗanɗanawa a gane dama ba zai daɗe a ɓoye ba. Wanda ba a iya sacewa shi ne fitowarki kullum, da fuskar da kike tarar mutane da ita, da ƙin rage mai ranar da mai ya yi tsada. Kuma lungun da ke da mai masa huɗu ya fi jan jama'a a kan lungun da ke da ɗaya, ni na gani da idona.

Baffa ya zo da hantsi, yana jaye da takarkari, da igiyoyin ɗaure kaya a wuyansa. Na hango shi ta cikin hayaƙi, amma ba halin tashi, mutane sun kewaye ni, kowa na miƙo kwano. Ya tsaya can jikin katanga, bai matso ba, don shi ba ya tsayawa inda ake cin abinci a bainar jama'a. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Asabe ta gane shi, ta taso da ludayinta a hannu ta ce, “Baba, in ka zo ɗaukar ta ne, sai ka haɗa da mu duka, don mu ba mu san awon nonon ba sai ta duba mana.” Ƙarya take yi, ta fi ni sani, amma Allah Ya saka mata. Baffa bai ko dube ta ba.

Sai da mutane suka ragu na je na durƙusa a gabansa. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yarinya. Sannan ya nuna ƙwaryar da ke gefen murhu da sandarsa.

“Wancan nonon na wane ne?”

“Na kasuwa ne, Baffa. Saye nake yi.”

Ya sa aka miƙo masa, ya karkata ƙwaryar, ya duba, ya yamutsa fuska. “An sirka shi da ruwa. Ke da aka haifa a cikin shanu kike sayen wannan?” Na sunkuyar da kai, ban san inda maganar za ta faɗi ba. Ya gyara igiyoyin da ke wuyan takarkarin, ya daɗe yana gyarawa, alhali ba abin da ya same su. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Shanun da ubanki ya bar miki, ba zan tafi da su ba bana. Zan bar su a rugar bayan ganuwa, wurin mutanenmu. A riƙa kawo miki kullum da safe.”

Ya ja dabbarsa ya juya, bayanta ba kaya. Ina durƙushe a wurin, Hadiza ta zo ta kama wuyana ta baya, na kasa tashi. Sai muryar Asabe na ji tana ihu wai 'Yar Fillo ta kashe mu da ƙauri. Tun da nake suya, ranar ce kaɗai na bar tanda guda ta ƙone ƙurmus ina ji ina gani.